Keken Da Kawu Ya Ce Zai Saya

Na daɗe ina ɗage rubuta labarin Kawu, yayan mahaifiyata, domin har yau ban tabbata na gane shi ba. Na yi shekaru ina karatu a ƙasa mai nisa, na dawo ina ganin na ɗan iya karantar mutane, sai ga shi mutumin da ya ɗinka mini rigar makarantata ta farko ya gagare ni. Wani abin da zan faɗa a nan da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni labari. Shi ɗin ne kuma ya gargaɗe ni kada in yarda da abin da mutum ya faɗa a kan kansa. Na ce, "Har kai, Kawu?" Ya ce, "Da ni za ka fara."

Tela ne. Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na mai sayar da kwanuka, ɗan ƙuntatacce, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. A ciki akwai benci, da madubin da ya fara dushewa ta gefe, da igiyar rataye ɗinkin da aka gama, sai baƙin keken ɗinkinsa na ƙafa, wanda zanen jikinsa ya goge daidai inda hannu ke dafawa. Mutanen layin suna kiransa Bari-Mu-Gani, saboda amsarsa ke nan ga kowace magana. In ka gaya masa awon ƙugunka, sai ya ce bari mu gani, ya zaro tef. In mai yadi ya rantse yadinsa ba ya zuba, sai Kawu ya yanki ƙyalle ya jefa a kofin ruwa, su zauna tare suna kallo. Ko agogon bangon shagonsa bai yarda da shi ba, sai ya leƙa na mai aski, in sun zo ɗaya ya ce sun haɗa baki. Sauran teloli duk sun koma keken wuta, shi ya ƙi. Ya ce abin da zai yi gudu ba da ƙafarsa ba, ranar da ya ga dama zai ɗinke masa yatsa.

Ana saura 'yan watanni in dawo ya yi wani ciwo da ya taɓa masa ɓarin hagu. Hannun ya dawo, bakin ya miƙe, amma ƙafar ta yi nauyi, yana jan ta kamar aro aka ba shi. Likita ya ce ya riƙa motsa ta, in ba haka ba za ta kwanta gaba ɗaya. A shago da ƙafar dama kaɗai yake taka keke, ta hagun tana ajiye a gefe. Yana gajiya da wuri. Yaduka suka fara taruwa a kan benci, masu kaya suna zuwa suna komawa hannu wofi.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ma'aikacin ofis ne, mai son komai ya tafi a tsare. Shi ya tara mu a falo, da ni, da Iya matar Kawu, da ƙannen Yaya mata. Ya ce magana biyu ce. Ko Baba ya sayi keken wuta ya hutar da ƙafarsa, ko ya bar shagon ya zauna a gida, don akwai wanda ke son zuba kayan waya a ciki. Kawu ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda ya fara kawo shawarar. Tun yana saurayi yake buɗe shagon nan da hannunsa. Can ya ce, "To. Zan sayi sabon keke."

Iya ta yi hamdala, 'yan matan suka yi murna, Yaya ya sauke ajiyar zuciya. Na lura Kawu bai ce bari mu gani ba, amma ban ɗauki abin da zafi ba.

Washegari ya ce in raka shi. Muka bi ta gaban masu sayar da kekunan ɗinki, ko waiwaye bai yi ba.

"Kawu, ai ga su nan."

"Na gan su, Ɗan Waje. Idona biyu ne, ƙafar ce ɗaya."

Haka yake kirana tun dawowata. Muka ci gaba har rumfar wani mai gwanjo, mai sayar da tsofaffin kayan waje, fanka da dutsen guga da kekunan hawa. A jikin rufin an rataye wani siririn keke ruwan toka, ba kwando, ba ƙararrawa, ba komai sai ƙashinsa. Mai gwanjon yana hango mu ya yi dariya.

"Bari-Mu-Gani, ka sake dawowa? Kullum sai ka zo ka juya fedar nan ka tafi."

"Sauko mini da shi."

"Baba, gaskiya zan gaya maka, keken nan matacce ne. Firinsa ya mutu. In taya tana juyawa feda tana juyawa, ba ya barin ƙafa ta huta. Duk wanda ya gwada sai ya dawo da shi yana zagina. Ga lafiyayye can, har da kwando."

Kawu ya juyo gare ni. "Ka taɓa jin mai sayarwa yana kushe kayansa? Akwai wanda yake ajiye wa."

"Wallahi babu, Baba."

"Ga rantsuwar ma ta zo."

Na san irin keken. A birnin da na yi karatu samari masu kai saƙo suna hawansa. Na gaya wa Kawu ba lalacewa ya yi ba, haka ake ƙera shi. A keken da muka saba akwai firi, wato abin da ke barin taya ta ci gaba da gudu ƙafa tana hutawa. Wannan ba shi da shi. Haƙoran da sarƙa ke kamawa a baya ɗaure suke da tayar, don haka muddin keken yana tafiya, ƙafafu ma sai sun tafi. In ka manta ka tsayar da su, fedar ce za ta cilla ka.

Ya dube ni, ya dubi mai gwanjo. "Shi ya ce ya lalace, kai ka ce haka aka yi shi. Ko ɗayanku ƙarya yake yi, ko kun raba aikin."

Ya sa na ɗaga masa bayan keken. Ya murza tayar da hannu, fedoji biyu suka kama zagayawa su kaɗai. Ya murza ta baya, suka koma baya. Fuskarsa ta ɗan saki.

"Haka na shago yake," ya ce a hankali. "In ka ba shi gudu, shi ma sai ya ba ka. Ta dama ta tura, taya ta karɓa, ta dawo ta ɗauki ta hagun, ko tana so ko ba ta so."

A nan na gane abin da ya kawo mu. Ya sa aka ɗaura masa birki a gaba da ƙararrawa, yana zaune yana bin kowane noti da ido. Ni na turo keken zuwa gida.

Iya tana shanya a baranda. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Malam, keken wa ka aro?"

"Nawa ne."

"Ina na ɗinkin?"

"Yana shago inda na bar shi."

"Sabon nake nufi."

"Keke na ce zan saya. Ga keke."

Da yamma Yaya ya zo, ya zagaya keken kamar mai duba gawa.

"Baba, wasa kake yi da mu?"

"Da wa na taɓa yin wasa?"

Sai Yaya ya juyo kaina. Taubashina ne, kullum cikin tsokana muke, amma ranar ba dariya a muryarsa. "Kai kuma kana tsaye da karatunka. Abin da ka koyo mana ke nan a can? Keken da ba ya tsayawa, a ba mai ƙafa ɗaya da rabi?"

"Rabin nake son cikawa," in ji Kawu.

Yaya ya ce shi ke nan, amma ranar da aka kwaso Baba daga titi, ko ranar da ƙafar ta nuna ta gaza, a ranar za a ba shi makullin shago. Kawu ya ce, "Bari mu gani."

A filin bayan makaranta ya koya, da safe kafin buɗe shago, ni ina gefe. Ya hau keke da ƙuruciya yana kai wa mutane ɗinki, don haka zama a sirdi bai ba shi wuya ba. Sabo da keke mai firi ne ya cuce shi. Yana samun gudu ya saki ƙafafu kamar yadda ya saba, fedar ta ɗaga shi sama ta ajiye a ƙasa. Na rugo. Yana kwance yana kallon keken, tayar tana juyawa, fedar tana bin ta.

"Shi dai bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ɗaga ni."

Matsala ta biyu ita ce ƙafar hagun tana zamewa daga feda. Ya koma shago ya ɗinka mata maɗauri da ragowar yadin wando mai kauri. Na farkon ya riƙe ta fiye da kima, har ya zo tsayawa ya kasa zare ta, suka tafi ƙasa tare da keken. Ya farke, ya sake wani mai buɗaɗɗen baya, in ya karkata dunduniya sai ƙafar ta fito. Ya hana ni faɗa a gida. Amma Iya ce ke wanki.

"Malam, wandon nan jiya ba shi da ɗinki a gwiwa."

"Ɓera ne."

"Ɓera mai cin gwiwar hagu kaɗai."

"Kin san halin ɓerayen yanzu."

Ta ninke wandon. Shi kuma ya kwana biyu yana kallon ta, yana jiran ya ji ko maganar ta kai kunnen Yaya.

A layin shago ma kowa da abin da yake zargi. Mai aski ya ce keken rufa-rufa ne, wajen wani mai magani Kawu yake zuwa da sassafe. Mai kwanuka ya ce shi ba ya tsayawa kusa da keken da fedarsa ke juyawa ba ƙafa a kai, don bai san wa ke takawa ba. Kawu ya ji duk, ya ce dama ya san sun daɗe da shi a baki.

Bayan 'yan makonni ya fara zuwa shago a kai. Ba ya gudu. Bayansa a miƙe, hannu ɗaya kusa da birki, ƙararrawa tana kaɗawa tun kafin kowa ya tare hanya. Wata rana na shiga na tarar da ƙafafunsa biyu a kan matakin keken ɗinki. Ba ta daɗe ba ya sauke ta hagun, amma ta hau. Ya rage murya don kada mai aski ya ji ta bango.

"Tana aiki, Ɗan Waje. A kan hanya ina jin ta tana turawa."

Abin da ya biyo baya, daga baya na haɗa shi. Yaya yana dawowa daga ofis ya hango mahaifinsa a mararraba, wata bas ta yanko masa gaba. Kawu ya kama birki, fedar ba ta tsaya nan take ba, keken ya yi layi, ya kauce da ƙyar. Kawu bai faɗa wa kowa ba, Yaya ma bai ce ya gani ba. Wata yamma da Kawu ya shiga duba wani maƙwabci marar lafiya, Yaya ya fitar da keken daga baranda ya kai wa mai gyara ya ce a sa masa firi. Mai gyaran ya nuna masa ba sai an sayi komai ba. Tayar baya tana da haƙora gefe biyu, ɗaya ɗaurarre, ɗaya mai firi. Juya tayar kawai za a yi. Aka juya, Yaya ya mayar da keken inda yake.

Da safe Kawu ya hau. Ya tura ta dama ta sauka ƙasa, ta hagun ta hau sama, sai ta tsaya a can. Keken yana tafiya, ƙafar ba ta motsi. Ya matsa mata, ta ƙi. Mai natsuwa zai lura cewa keken ne ya sake hali. Amma abin da yake tsoro kowace safiya ne ya zo masa, bai kuma nemi wani dalili ba. Ga kunnensa ya yi nauyi da shekarun ƙarar keken ɗinki. Mutumin da ya zargi agogo da haɗa baki, ranar da aka yaudare shi da gaske, ƙafarsa ya zarga. Ya sauka ya turo keken gida.

Iya ta aiko aka kira ni. Na tarar da shi a kujerarsa ta falo, makullin shago a kan teburi.

"Ta mutu," ya ce. "Na ce ta sauka, ta ƙi. Kira mini yayanka."

Yaya ya baro ofis ya zo. Kawu ya tura masa makullin da yatsa.

"Ranar da ka faɗa ta zo. Ka ce wa mai kayan wayar ya ba ni lokaci in kwashe yadukan mutane."

Yaya ya ɗauki makullin. Ya riƙe shi yana kallon ƙasa. Sai Iya ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Malam, ni dai keken nan yau da baki ya dawo."

"Wane irin baki?"

"Tun da ka kawo shi, shiru yake shiga, shiru yake fita. Yau da ka turo shi yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo."

Kawu ya ce in shigo da shi. Na turo shi kan tabarma, ƙarar tana fita sarai. Ya sunkuya ya kai kunne kusa da tayar. Sannan ya kama feda ya juya ta baya. Ta zagaya sakayau, tayar tana tsaye ba ta ko motsa ba. Ya ɗago a hankali. Ni ya fara kallo.

"Ɗan Waje. Kai ka san kan abin nan."

"Ba ni ba ne, Kawu."

"Haka kowa ke cewa." Ya juya ga Iya. "Ke kike rufe ƙofar baranda."

"In ni ce, sai in tona kaina?"

"Za ki iya."

Yaya ya ajiye makullin a kan teburi. "Ni ne, Baba."

Ya faɗi zancen bas ɗin. Ya ce ya ga ƙafa a ɗaure, ya ga feda ta ƙi tsayawa, ya kwana bai runtsa ba. So yake in tsoro ya zo, Baba ya iya tsayar da ƙafafunsa kamar kowa. Bai san ƙafar ba za ta iya sauko da fedar ita kaɗai ba.

Kawu ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wannan na ji. Amma da ka ɗauki makullin nan yanzu, ka san ƙafata ba mutuwa ta yi ba?"

Yaya ya ce, "Na sani."

"To."

Kawu ya miƙe. Ya sa makullin a aljihu, ya ce Yaya ya turo keken. Muka tafi wajen mai gyara mu uku, Yaya a gaba cikin kayan ofis, keken yana ƙas-ƙas a hannunsa, mai aski da mai kwanuka suna leƙowa. Mai gyaran yana ganin mu ya miƙe.

"Baba, ni aiki aka ba ni."

"Na sani. Kai ma kana cikin idona daga yau. Mayar da ita yadda ka same ta."

Ya zauna a benci, ya sa Yaya ya riƙe tayar da hannunsa, yana kallon sifana har aka gama. Ya murza tayar, fedoji suka bi ta. Ya hau, ƙafar hagun ta sauka, ta sake hawa, ya yi gaba ya bar mu a tsaye.

Ban ga murna a fuskarsa ba da na iske shi a shago. Yana zura zare a allura ya ce, "Ashe yawancin aikin keken ke yi. Ƙafar rakiya take yi masa." Ya ciji zaren. "Amma rakiyar ma da can ba ta yi."

Har yanzu yana hawa. Ya canza hanya, yana bin lunguna don ya kauce wa mararrabar, ko da yake ya ce ba don Yaya ba ne, don ramukan titin ne. Kowace safiya kafin ya hau sai ya juya fedar baya ya ga tayar ta bi. Makullin yana cikin wani ɗan aljihu da ya ɗinka wa rigunansa ta ciki. Yaya bai sake ɗago zancen shago ba, kuma shi ya kawo sabuwar tayar gaba, wadda Kawu ya ajiye kwana da kwanaki yana dubawa kafin ya yarda a sa. Ƙafar ba ta warke ba, ba ta kuma kwanta ba. Yadukan kan benci sun ragu.

Akwai abin da har yau ban warware ba. In Iya ta ji ƙarar da keken ya dawo, ai ta ji ta da ya fita. Ta bari har aka kira Yaya, ta bari har ya ɗauki makullin, sannan ta yi magana. Ko ba ta gane da wuri ba ne, ko so take ta ga abin da ɗanta zai yi, ban sani ba. In na dube ta sai ta tambaye ni ko na sha shayi.

Shi kuwa Kawu na tambaye shi. Ina zaune a bencinsa, yana taka keke, ƙafa biyu a kan mataki.

"Kawu, ranar da ka ce za ka sayi keke, ka san na ɗinki suka ɗauka?"

Bai ɗago ba. Ya kai ƙarshen layin ɗinkin, ya dafa tayar ta tsaya.

"Na sani mana. Da an tambaye ni wanne, da na faɗa. Falo cike da mutane, har da kai mai karatun waje, ba wanda ya tambaya. Miƙo mini almakashi."